Shekarar da Muka Cika Tabki da Guga

Sana'ata haƙar rijiya. Ita na gada, ita na iya. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma rijiya ɗaya gare mu, gaba ashirin da huɗu. Mahaifina ya fara ta, ni na kai ta ruwa, don shi yunwar nan babba ta ɗauke shi kafin ya ga ƙarshen aikin. Ƙasanta yashi ne. Sai da na tokare shi da itacen kirya zagaye kafin ya tsaya.

Rijiya irin wannan ba a matsa mata. A ja da safe, a bar ta ta huta daga hantsi zuwa la'asar ta tara, sannan a sake ja. In aka ƙure ta har ƙasa, yashin da ke bayan itatuwa sai ya biyo ruwa ya shigo, bango ya zabtare. In ta rufta kuwa gari ya tashi, don babu wani ruwa sai an yi tafiyar yini.

A gabashin gari muna da tabki. Da damina yake zuwa, ya cika kwari har ya taɓa gindin gawo, bayan kaka da wata biyu ya tafi abinsa. Kowa ya san haka. Jakina ma ya sani, in rani ya yi ko kallon wajen ba ya yi.

Ba zan ce tabkin ba shi da kyau ba. Bado yakan rufe rabinsa da fararen furanni, dinya da kirinjijiya su sauka jibgi, gauraka su tsaya a gefe suna taƙama. Amma ban taɓa ganin ɗan garinmu ya je don ya kalle shi ba. Wanki ke kai mu, da ɗibar laka, da shayar da dabba. Ni dai abin da na sani game da bado shi ne shekarar yunwa na tone saiwarsa da farce daga busasshiyar laka na ci ɗanye. Har yau in na ga furensa yunwar nan nake tunawa.

Da kakar wata shekara Baturen mulki ya biyo ta garinmu rangadi daga Gumel, zai wuce Maigatari. Da la'asar ya ce a kai masa kujera bakin tabki. Aka duba wanda ya fi faɗin baya, aka ɗora mini. Na kai, na ajiye, ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya kafa wa ruwa ido. Na jira ya yi wani abu. Bai yi ba. Na matsa wajen masinjansa, wato mutumin da ke juya masa magana yana kuma kai masa saƙo, wani dogon Bakano mai jar dara.

Na ce, "Malam, wani abu ne ya faɗa masa ciki? In nutso ne na iya."

Ya ce, "Kai, baƙauye. Shan iska yake."

"A nan?"

"A nan mana."

"Ta Gumel ta ƙare ne?"

Ya harare ni. Na koma na tsuguna. Can Bature ya karɓi bindiga ya yi harbi tara, ya sami tsuntsu biyu, sauran ya koya musu hanyar ƙasar Faransa, nan arewa da mu. Ni aka tura cikin ruwa har wuya na ɗauko su, na fito da matsattsaku uku a cinya. Ya yi murna ƙwarai. Masinja ya ce Bature ya ce bai ga wuri mai daɗin wannan ba tun da ya baro ƙasarsu, kuma zai kawo abokinsa su yi kwana biyu. Muka ce madalla. Suka tafi, muka manta.

Shi bai manta ba.

Ana tsakiyar bazara, lokacin da rairayi ke toya tafin ƙafa, sai ga masinja a kan doki. Hanyarsa ta tsakiyar tabkin ta bi, don nan ya fi sauƙin tafiya. Ƙasa ta daddare, dokinsa har tuntuɓe ya yi a wata tsaga. Ya sauka a zauren mai gari, muka taru.

Mai garin namu ɗan kawuna ne, taubashina. A gaban mutane ina ce masa ranka ya daɗe. In mu biyu ne ina faɗa masa abin da na ga dama, shi ma haka, tun muna yara. Mutum ne mai kirki, amma rawanin nan yana tsoron rabuwa da shi fiye da yadda yake tsoron kabari.

Bayan gaisuwa masinja ya ce, "Mai gari, Bature na gaishe ka. Abokinsa ya zo daga Kano. Nan da kwana tara za su zo shan iska. Ya ce a tambaye ka, akwai ruwa a tabki?"

Ƙurar tabkin tana nan a ƙafar wandon mai tambaya.

Mai gari ya ce, "Akwai."

"Da yawa?"

"Alhamdu lillahi."

"Da tsuntsaye?"

"Ba a magana."

Masinja ya ce, "Madalla. Haka zan faɗa." Ya sha furarsa, ya hau doki, ya koma ta tsakiyar tabki.

Wanda bai zauna a ƙasarmu a lokacin ba zai ce mai gari maƙaryaci ne. Ba haka ba ne. A wajenmu ba a aika wa babba da babu. In na sama ya tambayi abu, akwai ake cewa, sannan a fita a nemo. Ya ce akwai hatsi, akwai. Ya ce akwai majiya ƙarfi ashirin, akwai. Kalmar babu rashin kunya ce, kamar ka ce masa bai san abin da yake tambaya ba. Masinja ma ya san babu ruwa, amma shi ma ba zai ɗauki babu ya shiga da ita gaban Bature ba. Ya zo ne ya karɓi akwai daga bakin wani, don in abin ya fashe a san wuyan da za a kama.

Da mutane suka watse na tsaya.

Na ce, "To, bawana, ka ce akwai. A ina ka ɓoye shi? Cikin rawani?"

Ya ce, "Bar wasa. Kwana tara gare mu. Za a yi gayya."

"Gayyar me? Roƙon ruwa?"

"Za mu cika shi."

"Da me?"

Ya dubi wajen rijiya.

Na ce, "Ba za ta ɗauka ba. Mutum da dabba ma da ƙyar take riƙe su zuwa damina. In ka hana ta hutu za ta rufta."

"Ba duka za mu cika ba. Ɗan wanda za su gani."

"Rijiya ɗaya ce."

"Ni ma wuya ɗaya gare ni," in ji shi.

Washegari aka buga ganga. Bijimai biyu suna jan igiya, ɗaya ya gaji a sa ɗaya. Maza na juye guga, mata da tuluna a jere daga bakin rijiya har kwari, jakuna da salka. Babu hutun hantsi. Ranar farko mun zuba abin da gari zai sha kwana huɗu. Ƙasa ta shanye shi tana ƙara, kamar mai kurɓar koko. Da yamma muka je dubawa. Wurin ya yi ɗan duhu, iyakar abin da muka samu ke nan. Wani tsoho ya taɓa da yatsa ya ce, "Ai kuwa da sanyi." Mai gari ya ce an fara sa'a.

Rana ta biyu haka. Rana ta uku matata ta sauke tulu a gaban mai gari, ta gyara gammo. Ita ba ta da rawanin da za a cire.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko kwando ne sai an liƙe shi kafin a zuba. Ku bar mu mu yi daɓe."

Haka aka yi. Mata suka zaɓi wuri a tsakiyar kwari kamar faɗin masussuka, suka cike tsagogin da laka, suka yini suna buga shi da madaɓi suna waƙa, irin yadda ake yi wa ɗakin amarya. Ban taɓa ganin daɓe mai kyan wannan ba. Ɗakina bai samu irinsa ba. Aka zuba ruwa, ya tsaya. Mutane suka yi guɗa. Rana ta biyar ruwan ya kai idon sawu, in ka tsaya a daidai tsakiya. Rana kuma tana shan rabonta daga sama, ba ta gayya da kowa.

A ranar ne guga ya fara fitowa da ja. Da azahar na sa hannu a ciki na damƙo yashi.

Na ce a tsayar da bijimi. Na ɗaura igiya a ƙugu, aka zura ni. Ruwan da na saba samu a ƙirji ya koma gwiwa. Ta gabas itace biyu sun karkata, yashi na zubowa ta tsakaninsu siriri, ba ya tsayawa. Na sa kunne a bango na ji yana motsi a ciki. Na san wannan ƙarar. Na taɓa jin ta a wata rijiya wajen Maigatari, mu uku muka shiga, ni kaɗai na fito.

Na ɗaga kai na yi kira. "A kira mini mai gari!"

Can sama bakin rijiya kamar faifai, sai ga rawani ya rufe rabinsa.

"Yaya?" in ji shi.

"Kwana biyu, in aka ci gaba. Wataƙila ɗaya."

"Saura kwana huɗu su zo. Ka tokare ta mana. Ba aikinka ba ne?"

"Ba a tokare ta ana ja."

"Ɗan'uwa, ka fito mu yi magana."

Na duba itatuwan, na duba sama. In na fito za a mayar da guga kafin in kwance igiya daga ƙugu. Ba don mugunta ba. Mai gari ya riga ya ce akwai, dole ya nemo.

Amma akwai abu ɗaya da ko mahaukaci ba ya yi a ƙasarmu: ba a jan ruwa mahaƙi na cikin rijiya. Cikakken guga in ya kuɓuce daga gaba ashirin, kai yake fasawa. Wanda ya yi haka ya yi kisa, kuma ba wanda zai sake shan ruwan.

Na ce, "A zuro mini itace biyu masu kauri da gatari."

Aka zuro. Na gicciya ɗaya daga bango zuwa bango sama da ruwa, na zauna a kai. Na kwance igiya daga ƙuguna na sake ta.

"Me kake yi?"

"Shan iska."

"Kai, don Allah!"

"Akwai sanyi nan, ranka ya daɗe. Ga ruwa ina kallo. Kujera ce kawai babu."

"Zan sa a fito da kai!"

"Turo wanda zai sauko."

Ba wanda ya sauko. Na san ba za a samu ba. Duk garin ni kaɗai ke shiga.

Kwana huɗu na yi. Safe da la'asar ana zuro mini ƙaramin guga a hankali, in cika shi da ƙwarya daga abin da ya taru, in jijjiga igiya su ja, ni kuma in lafe a bango. Na sha ne kawai, na mutane da dabbobi. In na ga ya isa, sai in mayar da guga wayam. Tsakanin haka ina cusa ciyawa a bayan itatuwa ina danne yashi. Matata na zuro mini fura a gora.

Ta leƙo ta ce, "Malam, kana da rai?"

"Da saura."

"Mai gari ya ce in lallashe ka."

"To lallashe ni."

"Na lallashe ka. Ka sha furar kafin ta yi tsami."

Mai gari ya zo sau da yawa. Ya yi roƙo, ya yi zagi, ya tuna mini uwarsa ce ta goye ni. Ya kawo liman. Liman ya leƙo ya yi mini nasiha a kan biyayya ga shugaba, da ya gama ya rage murya ya tambaye ni ko za a sami na alwala. Na cika masa.

Iskar ƙasan rijiya ba ta da kyau. Kaina ya yi ta sara, ƙafafuna suka kumbura, ta hagu ta daina jin taɓi. Na ji sau biyu bango ya saki yashi a bayana, na karanta abin da na iya. Ban iya da yawa ba.

Safiyar rana ta tara na ji ƙasa na amsa sawun mutane. Matata ta ce sun iso. Yanzu ja ba shi da amfani, sai na ce a zuro igiya. Aka fito da ni kamar tsumma. Ban iya tsayawa ba, aka ɗora ni a jaki. Na ce a kai ni tabki. Na sha wuya saboda shi, gara in gani.

Ga abin da na tarar. Ruwa ya janye ya koma kamar shimfiɗar tabarma huɗu, kore, da kumfa a gefe. A cikinsa agwagin gida shida da mai gari ya aika aka samo daga Gagarawa, kowace an ɗaure ƙafarta da turke don kada ta koma gida. An kakkafa ganyen kaba a gefe, wai ciyawar bakin ruwa. Kewaye da wannan, busasshen kwari iyakar ganinka.

Daga gabas ga ayari. Bature a gaba, abokinsa a gefe, wani gajere mai jan wuya. Bayansu 'yan alaro masu dako da akwatuna, da tanti, da bindigogi, da kare. A ƙarshe mutum huɗu ɗauke da jirgin ruwa na tamfol a ka. Tun daga Gumel suka ɗauko shi. Ni a sanina jirgi ke ɗaukar mutum, ranar na ga mutum ya ɗauki jirgi.

Suka tsaya. Karen ne ya fara motsi, ya ruga ya shiga, agwagi suka haukace a kan turakunsu, ya sa baki ya sha. Muna kallo tabki ya ragu.

Gajeren ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya sauka daga doki ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Namu Baturen bai yi dariya ba. Kunnuwansa suka yi ja. Ya yi magana gajeriya.

Masinja ya ce, "Mai gari, Bature ya ce ina ruwa?"

Mai gari ya faɗi ya yi gaisuwa. "Zaki, jiya ma ya fi haka."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Bature ya ce wa ya san sha'anin ruwa a garin nan. Duk aka juyo aka dube ni, har waɗanda suka yi kwana huɗu suna zagina. Aka jawo jakina gaba. Na ce a gafarce ni, ba na iya sauka.

"Ya ce yaushe ruwan ya tafi?"

"Lokacin da yake tafiya kowace shekara."

"Yaushe zai dawo?"

"In an yi ruwan sama."

"Wannan fa daga ina?"

"Daga rijiya. A ka."

Masinja ya tsaya, ya dube ni, ya dubi mai gari, sannan ya juya wa Bature maganar. Bature ya dubi matan da ke tsaye nesa, ya daɗe yana dubansu. Ya sake tambaya.

"Ya ce don me ba a gaya masa babu ruwa ba?"

Na ce, "Malam, kai ka bi ta ciki da doki, zuwa da komowa. Kai za ka fi ni iya ba shi amsa."

Abin da na faɗa gajere ne. Abin da masinja ya juya ya yi tsawon huɗuba, har da nuna sama da nuna ƙasa. Ban san me ya ce ba. Daga baya kukunsu ya gaya wa matata wai an ce wa Bature mutanen garin ne suka yi haka don tsananin ƙaunarsa. Na ji daɗin sanin dalili.

Ba su koma ranar ba, don 'yan alaro sun gaji. Aka kafa tanti a ƙarƙashin gawo. Suka ci abinci daga gwangwani, suka sha shayi da ruwan rijiyarmu, aka aiko a gaya mana akwai yashi a ciki. Gajeren ya sa aka ajiye jirgin a kan busasshiyar laka, ya shiga ya zauna da bindiga yana ta dariya shi kaɗai. Ya ce ba zai harbi agwagwa a ɗaure ba, ba mutunci. Kuku ya yanka su duka shida da wuƙa. Da safe aka ɗora jirgi a ka, suka tafi. Ba a taɓa rawanin mai gari ba. Bature ya bar saƙo cewa nan gaba a riƙa gaya masa gaskiya. Mai gari ya ce to, za a riƙa.

Na yi kwana biyu a kwance, rana ta uku na sa aka zura ni. Gefen gabas ya zauna, yashi ya cinye rabin ƙasan, amma bango na sama bai tsage ba. Da an ƙara yini ɗaya ana ja, da ba abin da zan tarar. Na ce a kora shanun gari wajen rijiyoyin Maigatari su ƙarasa bazara can. Ba wanda ya yi gardama. Gida uku suka bi shanunsu, ba su dawo ba.

Muka shiga yasa. Ina cika guga da yashi, ƙannen matata na ja. Itatuwan gabas na cire su ɗaya ɗaya na sa sababbi, ina aiki da ƙafa ɗaya, don ta hagun ba ta sake zama daidai ba, har yau jan ta nake. Mutane suna shan ruwa ja, ƙwarya ɗaya ɗaya, ba mai wanka.

Rana ta goma sha biyu ina tsaye a ƙasa na ji sanyi na hawa ƙwaurina. Idon ruwa ya buɗe. Na tsaya ban motsa ba har ya kai cinya. Fari ne, ina ganin yatsuna a ciki.

Inuwa ta rufe bakin rijiya.

"Yaya?" in ji mai gari. Muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ta tashi."

Can ya ce, "Za ta kai mu damina?"

"In an bar ta ta huta."

"Za a bari."

"Ko Gwamna ne ya aiko?"

"Kai dai fito."

"Matsa daga nan tukuna, bawana, ka tare mini haske."

Ya matsa. Na cika guga, na jijjiga igiya, suka ja.